Tomcat yana mutuwa bayan an sake ɗora WAR sau da yawa

Ka ce duk sanda ka sake ɗora WAR (fayil ɗin da ke ƙunshe da manhajar yanar gizo ta Java) sau biyar ko shida ba tare da kashe Tomcat (sabar da ke gudanar da manhajar) ba, sai ya tsaya da OutOfMemoryError: Metaspace, kuma ƙara -Xmx (iyakar heap, wato ƙwaƙwalwar da Java ke ajiye abubuwan manhaja a ciki) bai yi amfani ba. Malam, dama ba zai yi ba. Tun daga Java 8, bayanan azuzuwan manhaja suna zama a Metaspace ne, wani ɓangare na ƙwaƙwalwa daban da heap, -Xmx kuwa ba ya taɓa wurin.

Matsalar ita ce kowace ɗorawa tana kawo sabon classloader (abin da ke loda azuzuwan manhajar), tsohon kuma bai fita ba saboda wani abu yana riƙe da shi. Buɗe catalina.out, nemi gargaɗin da Tomcat ke rubutawa lokacin sauke manhajar. Yakan faɗi sunan zaren aikin da aka bari yana gudu. Galibi ExecutorService ne da ba a rufe ba, ko ThreadLocal da ba a goge ba, ko direban JDBC (mai haɗa manhajar da rumbun bayanai) da ke cikin WEB-INF/lib ya yi rajista da DriverManager. Mayar da direban cikin lib na Tomcat, sannan ka rubuta ServletContextListener ka kira shutdown() na ExecutorService ɗin a contextDestroyed.

A bin/setenv.sh sa -XX:MaxMetaspaceSize=256m da -XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError cikin CATALINA_OPTS, domin in ya sake faɗuwa ka samu fayil ɗin hoton ƙwaƙwalwa da za ka buɗe da Eclipse MAT, manhajar binciken irin wannan fayil.

A sabar da jama'a ke amfani da ita kuwa, shawarata ka sa autoDeploy="false" a server.xml, ka riƙa sake kunna Tomcat a kowace ɗorawa.