Amsa ga ƙanwarmu mai neman zuriyar kakan kakan mijinta na Jojiya

Assalamu alaikum ƙanwata. Tun da asuba na ga tambayarki, na rufe waya, na sake buɗewa, sai yanzu na iya zama in rubuta. Kin ce kakar maigidanki ta damƙa miki takarda ɗaya tilo mai sunan kakanta, wanda aka haifa wajen 1880 a jihar Jojiya ta Amurka, ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya, tana so ki nemo mata inda jikoki da tattaɓa-kunne suka watsu kafin taron dangi, kuma kina tambaya ko ki biya ƙwararre ya yi miki. Wallahi kamar da bakina kika yi magana. Irin wannan amanar surukata ta ba ni, kuma ban sauke ta a kan lokaci ba.

Kafin komai, tsohuwar nan tana da rai, ko? To ki bar kwamfuta, gobe ki tafi wurinta da waya ki ɗauki muryarta. Kada ki ce ta lissafa miki sunaye, za ta gaji. Ki tambaye ta wa ke dafa abinci ranar biki, wa ya tafi Arewa bai dawo ba, a wace coci ake binne nasu. Sunayen da kansu za su riƙa faɗowa.

Mama, surukar tawa, Allah ya jiƙanta, a Misisifi aka haife ta a 1936, ta zo Shikago tana budurwa, ta musulunta a 1976. Ba ta taɓa kirana suruki ba, ɗana take cewa. Mahaifiyarta tana da ƙanwa da ta bar gida bayan ambaliyar kogin Misisifi ta 1927, daga nan ba wasiƙa ba labari, kuma a gadon mutuwa mahaifiyar ta yi wa Mama wasiyya ta nemo ta ko 'ya'yanta. A 2017 Mama ta ce da ni, tunda kai ka iya na'ura, ka taimake ni. Na ce an gama. Sai aiki ya sha kaina, wani a wurin taron dangi ya haɗa ni da wani mutum wai sana'arsa ke nan, shekara ashirin yana yi.

Mutumin nan! Bakinsa kamar zuma. Ya karɓi dala 1,800 a hannuna, kashi biyu, kuɗin da na tara da tuƙin dare. Wata takwas ina bin sa, yau ya ce yana jiran amsa daga kotu, gobe ya ce ya yi tafiya. Daga ƙarshe ya aiko da littafi mai bango mai sheƙi, da zanen bishiya, da hotuna, ya ce ƙanwar ta koma Ditiroyit, ga 'yarta, ga jikoki shida. Ko kwafin takardar aure ɗaya babu a ciki, ko ta mutuwa. Ni kuma farin ciki ya rufe min ido, ban tambaya ba. Lokacin Mama tana kwance a asibiti. Na kai mata hoton matar na ce, Mama ga 'yar ƙanwar mahaifiyarki. Ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, ta miƙo min ta ce wannan ba fuskar gidanmu ba ce. Kin san me na yi? Musu na yi da ita. Na ce ƙwararre ne ya yi aikin, na ce shekaru suna sauya kamanni. Tsohuwa a kan gado, da robar iska a hanci, ina ja da ita a kan jininta. Ta yi shiru ta juya fuska wajen taga. Wata huɗu bayan nan ta rasu, a 2019. Har yau in na tuna juyawar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Bayan sadakar bakwai na kira mutanen Ditiroyit in sanar da su. Matar ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce uwarta 'yar Alabama ce, ba ta taɓa taka Misisifi ba. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Da na kira mutumin ya ce ai irin wannan aiki ba shi da tabbas, kuma ba a maida kuɗi. Na ce ba kuɗi nake nema ba, ka faɗa min daga ina ka samo. Ya kashe waya. Daga baya na ga bishiyar sukutum a shafin wani a intanet, har kuskuren shekarar haihuwa iri ɗaya, kwafa kawai ya yi ya sa bango. Ya san Mama ba ta da lafiya, ni na faɗa masa da bakina, na ce ka yi sauri don Allah. Na bar shi da Allah. Ba na ce kowane mai wannan sana'a haka yake ba, akwai na gari, amma in za ki biya wani, ki ce kowane suna ya zo da takardar da ta tabbatar da shi, kuma kada ki ba da rabi na biyu sai kin gani.

Abin da ya fi ƙona min rai, da korona ta kulle mu a 2020 na zauna da kaina, cikin mako shida na gano ƙanwar mahaifiyar Mama. Da FamilySearch, shafin intanet na binciken asalin dangi, wanda kyauta ne. Abin da ke ɓatar da mata a ƙasar nan sauya suna ne bayan aure, don haka sai da na nemo takardar aurenta a littafin gundumarsu tukuna. Kuma ki sani a wurare da yawa na Kudu littafin auren baƙaƙe daban yake da na farare, in kin duba ɗaya ba ki gani ba ki tambayi ɗayan. Ku a Jojiya kotun gado ta kowace gunduma ke riƙe da takardun aure, kuma gundumomin 159 ne, to lallai ki samo sunan gundumar daga bakin tsohuwa. Da na samu sunan mijin, sai ga su a ƙidayar 1930 da ta 1940 a garin Gary na Indiyana, yana aiki a masana'antar ƙarfe. Gary! Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota daga ƙofar gidan Mama. Ƙidayar 1940 kuwa tun 2012 take a buɗe ga kowa.

Ke taki ta fi tawa sauƙi ta wani ɓangaren, don ƙasa za ki gangaro, ba sai kin yi karo da bangon 1870 ba, shekarar da aka fara rubuta bayin da aka 'yanta da sunayensu a ƙidaya. Kafin nan, a 1850 da 1860, sunan ubangida kawai za ki gani, su kuma shekaru da jinsi da launin fata, kamar ana lissafin awaki. Na taɓa buɗe shafin, ban iya cin abinci ba ranar. Ki fara da ƙidayar 1900 da ta 1910, don a waɗannan biyun an tambayi kowace mace 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye, nan za ki gane ko goma sha ɗayan sun cika. Kada ki wahalar da kanki neman ta 1890, gobara ta cinye kusan dukkanta a Washinton a 1921. Ta ƙarshe da za ki iya gani ita ce ta 1950, saboda sai bayan shekara 72 ake saki.

Daga 1950 zuwa yau kuma, sanarwar rasuwa ce makaminki. A nan ake jera 'ya'ya da sunayen mazajensu da garuruwan da suke. Haka na samu 'yar ƙanwar, tana raye, shekararta 88. Ki tambayi tsofaffin gidan 'yan takardun nan da ake rabawa wurin jana'iza, galibi akwai mai ajiye su a kwalin takalmi ko cikin Baibul. Jojiya ta fara rajistar mutuwa a faɗin jihar a 1919, kuma takardar mutuwa tana ɗauke da sunan iyaye da wanda ya kai rahoto, wanda yawanci ɗa ne ko 'ya. Maza kuma ki duba katin rajistar soja na 1917 da 1918, da na yaƙin duniya na biyu. Ki lura da sunaye, yadda A'isha ke zama Indo, Fatima ta zama Binta, haka Margaret ke zama Peggy, Sarah ta zama Sally. Waɗanda suka musulunta kuma da yawa sun sauya suna gaba ɗaya. Cikin goma sha ɗayan nan kada ki zaci duk suna Jojiya, mutum miliyan shida ne suka bar Kudu tsakanin 1910 da 1970, mutanen Jojiya da yawa Filadalfiya da Niyok da Ditiroyit suka nufa.

Abin nan ya sa na waiwayi gida. Mu da ke cewa mun san asalinmu, na tsaya na ƙirga, ban wuce kakan kakana ba ta wajen uba, ta wajen uwa kuwa ko sunan mahaifiyar kakata ban sani ba, don kunya ta hana a faɗa. Yanzu duk Juma'a ina kiran baffana a Katsina ina rubutawa. Ke ma ki yi wa naki, don 'ya'yanki gida biyu gare su.

Gwajin DNA ki yi wa tsohuwar, ba maigidanki ba, don jininta ya fi kusa da waɗanda ake nema. Amma ki nemi yardarta, kuma ki shirya zuciyarki, yakan tono abin da aka rufe. In kin samu mai rai, kada ki kira kai tsaye, za su ɗauka ɗan damfara ne, balle sun ji harshenmu. Ni wasiƙa na rubuta da hannu, na sa hoton Mama. Bayan kwana tara jikarta ta kira. Da aka sassauta kulle muka je ni da maiɗakina. Tsohuwa ta buɗe ƙofa, maiɗakina ta durƙushe a wurin tana kuka, don goshi da hanci da wushirya duk na Mama ne. Ta ce uwarta har ta mutu tana cewa tana da yaya a Misisifi.

Ki turo min ta saƙon sirri da sunan mutumin, da gundumar in kin samu, da sunayen 'ya'yan ko da uku ne. Ranar Asabar ba ni da aiki, zan duba miki 1900 da 1910, ba ko sisi. Ki gaida min tsohuwa.