Bizar karatu a Kanada: tana kai mutum ga zama na dindindin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 28, na gama digiri a fannin kasuwanci, na yi bautar ƙasa. Wani ejan ya ce zai samo min gurbi a wata kwaleji mai zaman kanta a Toronto, kwas na shekara ɗaya, wai da na gama za a ba ni izinin zama na dindindin. Mahaifina har ya yarda ya sayar da filinsa. Haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce wa Baba ya ɗan dakata da kiran dillalin fili. Ejan ɗin nan takarda ɗaya ya nuna maka, alhali uku ne, kuma kowacce da ƙofarta.

Ta farko ita ce izinin karatu, na wucin gadi ne. Dokar Kanada ba ta hana ka burin zama ba, amma sai jami'in biza ya gamsu cewa in wa'adinka ya cika ba ka samu wata takardar ba, za ka tattara ka dawo.

Ta biyu ita ce izinin aiki na bayan kammala karatu, wanda ake kira PGWP, kuma a nan gizo ke saƙar. Sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Tsawonsa yana bin tsawon kwas: wanda ya yi kwas na shekara ɗaya, shekara ɗaya zai samu, wanda ya yi na shekara biyu ko fiye, uku. Masu digiri na biyu kuwa, tun Fabrairun 2024 ana ba su shekara uku ko da karatun bai kai shekara biyu ba. Yawancin kwalejoji masu zaman kansu ɗalibansu ba sa samun wannan izini kwata-kwata. Sannan daga Nuwamban 2024, mai difloma sai kwas ɗinsa ya faɗa cikin fannonin da ƙasar ke ƙarancin ma'aikata, irin su kiwon lafiya, noma, kimiyya da sana'o'in hannu. Diflomar kasuwanci ta gama-gari, wadda ejan-ejan suka fi tallatawa don sauƙin samun gurbinta, galibi ba ta ciki.

A ce ma ka tsallake wannan. Takarda ta uku, wato izinin zama na dindindin, ana neman ta ne ta tsarin da ake kira Express Entry, kuma rukunin waɗanda suka yi aiki a Kanada yana buƙatar cikakkiyar shekara guda ta aikin ƙwararru, awa 1,560. Aikin da ka yi kana ɗalibi ba ya shiga lissafi. Tsayuwa a kan na'urar karɓar kuɗi a kanti ko ɗaukar kwali a sito ma ba sa shiga. To lissafa da kanka: izininka na wata 12 ne, ka ɓata wata biyu kana yawo da takardu kafin ka samu aikin da ya dace. Saura goma. Ka ga an yi gudun fanfalaƙi ke nan, ga fili ya tafi.

Cika shekarar ma tikitin shiga layi ne kawai. Maki ake bayarwa bisa shekaru, ilimi, jarrabawar harshe da gogewar aiki, sai a ɗebi na sama. A 2024 makin da aka riƙa yankewa a wannan rukuni ya haura 500. Makin shekaru kuma yana fara zubewa da zarar ka cika 30, wato daidai lokacin da kai za ka shiga layin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Garwa sun fi mu sa'a a nan: tun 2023 aka ware wa masu jin Faransanci nasu zaɓen, kuma makinsu yana sauka ƙasa sosai. In kana da kan harshe, shekara guda a ajin Faransanci tun kana gida ta fi maka wannan kwalejin amfani.

Batun kuɗi: a Janairun 2024 aka ɗaga kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, a Satumban 2025 kuma ya koma 22,895, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. A shekarar 2024 ɗin ce aka ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Aikin waje awa 24 a mako aka yarje wa ɗalibi, da ƙyar ya biya hayar ɗaki a Toronto.

Kada ka ce bari ka karkata Ingila. Can ma shekarun karatu da na bizar bayan karatu ba sa shiga cikin shekarun aikin da ake ƙirgawa kafin a ba da izinin zama na dindindin, sai ka samu kamfanin da zai tsaya maka.

Ni da kai ne, tunda akwai digiri a hannu, digiri na biyu zan nema a jami'ar gwamnati, kuma da kaina zan cike, domin jami'o'in suna karɓar takardu kai tsaye. Shi kuwa ejan, ka ce ya ba ka sunan kwalejin da lambarta ta DLI, wato lambar da Kanada ke ba makarantun da ta amince su ɗauki ɗaliban ƙasashen waje. Ka shiga shafin hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ka nemo sunan a jerin makarantun da aka amince da su. A gefensa an rubuta ko ɗalibanta na samun PGWP ko ba sa samu. Ka nuna wa Baba abin da ka gani.