Sai lauya ne kaɗai ke bincike kan haƙƙin ɗan Adam?

Tambaya: Malam, na karanta kimiyyar siyasa, ina son yin digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kan manufofin kare haƙƙin ɗan Adam. An ce mini fagen lauyoyi ne kawai. Haka ne? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

Amsa: Malama, ba haka ba ne. Tsangayar Shari'a na koyar da abin da doka ta ce: babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 33 zuwa 46, wanda ya zayyana haƙƙoƙin ɗan Adam, da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981 da Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983. Wannan dole ki san shi. Amma ilimi da lafiya suna babi na biyu ne, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiwatar da su. To, abin da alƙali ba zai taɓa ba, kasafin kuɗi da ma'aikatu ne ke yanke shi, kuma nan ne gonarki.

Ga misali a ƙofar gida. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Sakkwato ba ta yi tata ba sai 2021. Me ya jawo jinkirin? Tun da aka sa hannu, nawa aka ware, nawa aka saki? Alƙalin kotun shari'a a Gwadabawa ko Tambuwal yana da kwafinta a teburinsa? Yarinyar da aka cire daga aji aka ɗora wa tallar fura, wa ake kai wa ƙararta: mai unguwa, Hisba, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da aka kafa a 1995? Amsar waɗannan ba ta cikin laburare, sai kin taka.

Abin da ke damuna da kundayen ɗalibanmu shi ne babi guda cur kan sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, sannan shiru kan Kitabul Farƙ, littafin da a ciki Shehu Usmanu ya soki sarakunan zamaninsa kan harajin zalunci da cin hanci. Wanda ke karatu a Sakkwato bai da uzurin tsallake shi.

In kuma 'yan gudun hijirar Isa da Sabon Birni kika zaɓa, ki fara samun amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ki nemi yardar kowa kafin ki kunna rikoda, sunayensu kuma kada su fito a kundinki.