Ledar kwali da ke buɗuwa ba sai an sa haƙori ba

"Maigida, masu shago suna ƙorafi a kan kwalayen ganyen shayin da muke naɗewa, wai sai mutum ya sa haƙori ko reza kafin ledar ta buɗu. Me zai hana mu koma leda marar kauri?"

Yaro na, ba a kauri matsalar take ba. In ka rage kauri, ledar za ta riƙa fashewa a kusurwar kwali tun a mota, kuma mai saye zai ci gaba da fama da ita kamar dā. Ka fara sanin halin ledar da ke hannunka.

Wadda muke naɗe kwali da ita sunanta BOPP. A masana'anta ana ja ta tana da zafi, kamar sau 5 ta tsawo, sau 8 zuwa 10 ta faɗi. Wannan jan ne ya ba ta ƙarfi da sheƙi, shi ne kuma ya ba ta hali irin na yadi: in gefenta lafiyayye ne, ka ja iya ƙarfinka ba za ta kece ba, amma da zarar an ɗan tsaga bakin, sai ta tafi da yatsu biyu. Ledar fiya wata kuwa miƙewa take yi tana bin hannunka, shi ya sa ba ta dace da wannan aiki ba. Saboda haka abu biyu ledarmu ke nema: inda yagar za ta fara, da hanyar da za ta bi. Kauri ka bar shi tsakanin maikiron 20 da 30 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Ƙaramin kwali 20 ya ishe shi, mai nauyi ko mai kaifin kusurwa a ba shi 25 ko 30.

Hanyar ita ce zaren yagewa, siririn tef ɗin nan ja ko ruwan zinare mai gam a gefe ɗaya. Faɗin milimita 2 ko 2.5 ya wadatar ga kwalin shayi ko na sabulu. Inji yana manna shi a cikin ledar, ɓangaren da zai kwanta a jikin kwali, don in an ja ya keto ledar daga ciki ya fito. Ka sa shi kamar milimita 10 zuwa 15 daga bakin da ake buɗewa, yadda guntuwar ledar za ta cire kamar hula, sauran ta sulluɓe. In ka sa shi a tsakiyar dogon kwali, ɓangarorin biyu duk za su riƙe ƙam. Ka kula da birkin kwarkwaron zaren: in ya yi tsauri, zaren zai tattare ledar ta yi gwanƙwasa, in ya yi sako-sako, zai yi ta yawo ya kauce wa wuƙa.

Mafarin kuma shi ne harshen, a nan ne yawancin aiki ke lalacewa. Akwai ƴar wuƙa mai siffar kofaton doki da ke tsaga ledar hagu da dama na zaren, daidai inda za a yanke ta, ta bar harshe kamar milimita 8 zuwa 10. Dole zaren ya ratsa tsakiyar harshen. In ya karkata gefe guda, mutum zai ja, harshen ya tsinke a hannunsa, zaren na nan kwance. Dole kuma harshen ya faɗo a kan ledar da ke sama a wurin haɗi, inda bakinta ɗaya ya hau kan ɗayan. Wanda ya juya bandir ɗin ledar ba daidai ba zai binne shi a ƙasa, ba mai ganinsa. Sannan ƙarfen liƙi, wato ƙarfe mai zafin da ke manne ledar, kada ya taɓa shi. A sassaƙe ɗan gurbi a jikin ƙarfen daidai wurin harshen, in ba haka ba zafi zai manne shi da jikin ledar, farce ba zai ɗaga shi ba. Daga irin ƙorafin da ka kawo, nan zan fara dubawa. In ba a nan ba ne, to wuƙar ce ta dakushe, tana shata ledar ba ta huda ta.

Awo kuwa lissafi ne. Ɗauki kwali mai tsawon milimita 130, faɗi 65, tsayi 75. Kewayensa 65 da 75 sau biyu, 280 ke nan. Ƙara 10 na haɗi, a yanke ledar a 290. Faɗin bandir: 130, sai kowane baki ya sami rabin 65 da ƙarin kamar 5, wato 38, jimla 206. In ka rage, ninkin baki ba zai haɗu ba. In ka yi yawa, ledar za ta taru ninki-ninki zafi ya kasa ratsa ta.

Zafin liƙi ka fara daga digiri 120, kana ƙara biyar-biyar har haɗin ya kama ba tare da ledar ta yamutse ba. Da wuya ka wuce 140. Kada ka rufe matsalar ƙarfe marar daidaito da ƙarin wuta. Ka duba man sheƙin da mai buga kwali ya shafa, domin wani irinsa yana narkewa ya manne da ledar, sai a yage ta ta taho da fentin kwalin. Ka gwada sabon kwali da ledarka kafin a buga dubbai.

Yanayi ma yana da hannu. Da hunturu iska ta bushe, leda tana tara lantarki, ta manne wa ƙarfe, ta jawo ƙura, yankan ya karkace. Ka tabbata sandar kashe lantarkin tana aiki, injin kuma an haɗa shi da ƙasa. Da bazara kada a bar kwarkwaron zaren a ɗakin kwano, gam ɗin zai yi laushi ya tsattsafo, zaren ya manne da junansa.

Ledar da ake ƙanƙamewa da iska mai zafi, mai kaurin maikiron 12 zuwa 19, wata hanya gare ta: layin ƙananan huji. In hujin ya yi kusa da juna zai buɗe tun a cikin tandar iska mai zafin.

Kafin kaya su fita, ɗebi kwali 20 daga farko, tsakiya da ƙarshen aiki. Ka ba dattijo, ka ba yarinya, ka ba wanda hannunsa ke da danshi, kada ka nuna musu komai. Wanda duk ya juya kwalin fiye da sau biyu yana neman harshen, ko ya kai shi baki, ka karɓi wannan kwalin ka duba wuri uku: tsagar wuƙa, gurbin ƙarfen liƙi, da zaman zaren a tsakiyar harshe.