Wat ba ya komawa bolt sai an san amfiya

Malam, ka tambaya butar lantarki mai wat 2000 da ka saya a Jidda bolt nawa ke nan, kuma ko ekstenshin ɗinka zai ɗauke ta. Ba a mayar da wat zuwa bolt kai tsaye, sai an san amfiya. Bolt ƙarfin turin wuta ne, amfiya yawan wutar da ke bin waya, wat kuwa shi ne bolt sau amfiya. Wutar gida a Saudiyya bolt 230 ce, to raba 2000 da 230, butarka na jan amfiya kusan 9. Ekstenshin mai amfiya 13 zai ɗauke ta lafiya, don iyakarsa wajen wat 3000 ce.

Amma da sharaɗi: kada ka haɗa ta da dutsen guga mai wat 1200 a ekstenshin ɗaya. Jimilla 3200 ke nan, kusan amfiya 14, waya za ta ɗau zafi. Na ga soket ya narke a ɗakin 'yan uwanmu kan haka, abin ya tsorata ni. In kuma tsohon gida kake, sa mai gyaran wuta ya auna soket ɗin, don wasu har yanzu bolt 127 ne.