Wai laifin wa ne, Macbeth ko matarsa?

Tambaya: Malam don Allah gardama muke a aji kan wasan Macbeth na Shakespeare, ƙawayena sun dage wai matarsa ce ta kai shi ta baro, ni kam ban yarda ba. Ɗalibarka daga Zariya.

Amsa: To 'yata kin fi su gaskiya. Eh ita ta zuga shi ya kashe Sarki Duncan na Sikotilan, baƙonsa fa, yana barci a gidansa, har gori ta yi masa wai bai cika namiji ba. Amma ai tun ranar da wasu bokaye mata uku suka ce zai yi sarki zuciyarsa ta fara raya masa kisan, tun bai isa gida ba. Abokinsa Banquo kuwa da iyalin Macduff, wani basarake da ke adawa da shi, shi kaɗai ya sa aka kashe su ko shawartarta bai yi ba.

Ni har tausayi take ban daga baya, tana yawo cikin barci tana ta murza hannu wai jini ya ƙi fita, likita na gefe yana kallo. Shi ko da aka ce masa ta mutu bai wani girgiza ba, ya fita yaƙi Macduff ya fille masa kai.