Amsar Anty ga ƙanwarmu da mijinta ya tare a jim

Assalamu alaikum warahmatullah. Matan gidan nan barkanku da yamma. Ku yi haƙuri da murya, hannuna duk ƙullun masa ne, ba zan iya danne-dannen rubutu ba.

Ƙanwata, ke da kika turo saƙo jiya da daddare, sau biyu na karanta shi. Kin ce maigidanki da an sallame asuba yake ɗaura takalmi ya fita gudu, awa 2 cur, ya dawo ya watsa ruwa ya wuce aiki. Da yamma kuma daga wurin aiki sai jim, wato gidan motsa jiki, ɗaga ƙarfe awa 1 da rabi, kwana 6 a mako. Ga yaro ɗan wata 14 a hannunki, ba ki da mai taya ki. Sai kika rufe da cewa wai ko yawan motsa jiki yana yi wa namiji illa. Hmm. Ƙanwata, ni na haihu huɗu, na san irin wannan tambayar. Da illar jikinsa ce ta hana ki barci, da ba ƙarfe ɗayan dare za ki turo ba. Yaron ne ya tashe ki, kika juya kika ga mutumin yana ta minshari don ya gaji, ke kuma ba wanda ya taɓa tambayar ki ko kin gaji. Abin da kike son ji shi ne ko kina da hurumin jin haushi. To kina da shi.

Na ga wasu sun ce ki gode wa Allah, ai ba majalisa yake zuwa ba, ba shaye-shaye ba, ba bin mata ba. To an gode. Amma haba jama'a, yaushe muka koma auna miji da abin da bai aikata ba? Ita kuma wadda ta ce ki binciki wayarsa wai akwai mace a jim ɗin, don girman Allah ki daina zuga yara. Mutumin da yake dawowa da riga sharkaf tana warin gumi, tafin hannu duk kanta, wace mace? Kada ki taɓa masa waya. Kina taɓawa magana ta tashi daga kan yaro ta koma kan zargi, kuma ke za a ba rashin gaskiya, har a gidanku.

Bari mu yi lissafi, ni 'yar kasuwa ce. Awa 3 da rabi sau 6, awa 21 ke nan a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya abin da ta ce wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, in kuma mai tsanani ne kamar gudu, minti 75 zuwa 150, sai a haɗa da na ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 300 awa 5 ne fa. Naki ya ninka shi sau huɗu har da ɗoriya. Ban ce wuce hakan haramun ne ko cuta ba, 'yan Wikki Tourists, ƙungiyar ƙwallon Bauchi, ai kullum suna fili, amma su sana'arsu ce, da ita suke cefane. Naki albashinsa daga ofis yake fitowa. To awa 16 ɗin nan da suka hau kai, daga aljihun wa ake zaro su? Daga barcinki. Daga wankanki da kike yi a tsaitsaye ƙofar banɗaki a buɗe don kina leƙen yaro kada ya kai hannu risho.

Kuma wata 14, wayyo. Gara jariri, inda kika ajiye shi nan za ki same shi. Wannan ya fara tafiya, komai baki, bokitin ruwa, soket, ga haƙora na fitowa, ga rigimar dare. Shekarun da ake bukatar ido huɗu ne a gida.

Ni abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai, na sha irinta. Baban su yara, Allah ya ƙara masa lafiya, yanzu in kun gan shi da tumbinsa ba za ku yarda ba, amma da ɗan ƙwallo ne na bugawa a jarida. Muna zaune Fadaman Mada lokacin. Kullum asuba shi da abokansa gudu, wata rana su bi titin Jos, wata rana su zagaya filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, su ƙare da ƙwallo a wani filin makaranta. A 2014 ne... a'a, tsaya, 2015, shekarar da aka ɗaga zaɓe daga Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, don na tuna garin duk fastoci ne, ga zafin nan na Bauchi da ko dare ba ya sauka. Ta biyun tawa tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, kamar naki. Ta kwana da zazzaɓi. Na ce masa, Abban yara, yau dai ka haƙura da fitar nan, jikin yarinyar nan bai yi min ba. Ya taɓa goshinta da bayan hannu, ya ce ai ya sauka, in ba ta farasitamol, yanzu zai dawo. Ya fita. Wayarsa na kan talabijin, don gajeren wandon ba shi da aljihu.

Ko minti 30 bai yi ba yarinya ta sanƙare min. Ido ya kakkafe sama, hannu da ƙafa na karkarwa, kumfa a baki. Ni kaɗai, babbar tana barci. Kuma lokacin zafi ne, abin da ya faɗo min a rai sanƙarau. Na kira wayarsa, ina ji tana ruri a falo, wallahi har yau in na ji irin wannan kiɗan waya gabana faɗuwa yake. Na fito da hijabi a bai-bai, takalmi wari da wari, na buga wa maƙwabcinmu ƙofa, dattijo ne, ya fito da mashin ɗinsa ko hula babu. Haka na hau bayan mijin wata, rungume da 'ya, muka nufi asibiti. Matarsa ce ta zauna min da babbar.

Alhamdulillahi ba sanƙarau ba ne, jijjiga ce irin ta zafin zazzaɓi, kafin mu isa ma ta lafa. Af, tunda na zo nan, masu ƙananan yara ku ji: in ta faru kada ku cusa cokali a baki, kada ku ɗura manja ko ruwa ko wani jiƙo, kada a matsa albasa a ido. A kwantar da yaro ta gefe, a sassauta masa kaya, a nufi asibiti. Ni a ranar saura kaɗan in sa mata yatsa a baki, dattijon nan ne ya daka min tsawa.

Shi kuwa gogan sai wajen tara ya iso asibitin, da rigar ƙwallo, ƙafa duk jar ƙasa. Kun san me ya fara cewa? Wai me ya sa ban kira shi ba. Ni! In kira shi! Ban tanka ba, don da na buɗe baki a gaban mutane da auren bai kai yau ba. Yarinyar yanzu tana sakandare, kuma na yafe, Allah ya sani na yafe, amma har yau in ya ce min ciwon gwiwa ya dame shi sai in ji wani abu ya taso min, in ce ai gwiwar ce ka fifita. Shi ma dariya yake yi. Kuma dattijon nan har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, Allah ya jiƙansa, duk sallah sai na aika wa matarsa da tuwo, ko da muka tashi daga unguwar...

To, ina nake? Na yi nisa. Ba wai ina miki fatan irin wannan ba, Allah ya tsare. Kuma kada in zalunci mutumin, bari in gyara: ba mugunta ba ce. Shi a kansa abin kirki yake yi. Mahaifinsa hawan jini ne ya kwantar da shi, ɓarin jiki ya shanye, shekara da shekaru ana juya shi, to tsoron wannan ne yake kora shi titi kullum. Ban gane haka ba sai daga baya. Ke ma ki bincika, wataƙila naki akwai abin da yake gudu, ko suga a danginsu, ko an taɓa yi masa dariyar teɓa, ko kuma, ki yi haƙuri, kukan yaron ne ba ya iya jurewa, jim ɗin ya zame masa mafaka. Maza da yawa ba su san me za su yi da yaron da bai iya magana ba, sai su gudu inda suka iya wani abu.

Maganar illa kuma tunda kin tambaya, akwai abubuwan da in kin gani ba na wasa ba ne. In ya ji ciwo, gwiwa ta kumbura ko kafaɗa, amma ya haɗiyi maganin kashe zafi ya koma. Irin su diclofenac da ibuprofen ɗin nan da ake sha kamar gyaɗa, a haɗa da gumi da rashin shan ruwa a zafin Maris da Afrilu, ƙoda suke taɓawa. In rana ɗaya ta kuɓuce masa, ko don ruwan sama ko don baƙi, sai ya wuni yana huci kamar an yi masa sata. In ya daina cin tuwon gida sai dafaffen ƙwai da garin nan na gwangwani na gina tsoka, kuɗin famfas na tafiya can. Sannan babbar, allura ko ƙwayar ƙara ƙwanji da wasu 'yan ƙarfe ke yi a ɓoye. Alamarta jiki ya buɗe cikin ɗan lokaci, ƙuraje a baya da kafaɗa, saurin fushi. Wannan tana lalata hanta da zuciya, tana kuma rage ƙwayar haihuwa, kin ga ke ma ta shafe ki. In kin ga kwalba ko sirinji a jakarsa, wannan ba maganar lallashi ba ce, likita ne da babban wansa. In ba ki ga ko ɗaya ba, to lafiyarsa ƙalau, ki bar zancen illa, kada ki je masa da shi, zai kayar da ke da hujja a minti biyu, ya nuna miki bidiyon likitoci goma.

Ki je masa da hakki. Ai malamai suna karanta mana labarin Salmanul Farisi da Abu Darda, Allah ya yarda da su. Salman ya kai ziyara ya tarar da Ummu Darda ba kwalliya, ya tambaya, ta ce ɗan'uwanka ba ruwansa da duniya. Aka kawo abinci, Abu Darda ya ce yana azumi, Salman ya ce ba zan ci ba sai ka ci. Dare ya yi ya tashi zai yi nafila, ya ce koma ka kwanta, sai can ƙarshen dare suka tashi tare. Ya ce masa Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka. Da aka kai wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Salman ya yi gaskiya. Azumi da tsayuwar dare fa aka rage saboda mace. Ina ga ƙarfe.

Amma kada ki ce ya daina. Kina cewa daina kin zama abokiyar gaba. Kuma kada ki ce masa "ba ka taimaka min", wannan ba ta da kai ba ta da gindi, zai ce ai shi ke sayo madara. Namiji a ba shi abu mai suna. Ki ce, asubar Litinin da Laraba da Asabar nawa ne, ka ɗauki yaron daga an idar da salla zuwa bakwai in yi barci, sauran kwanakin ka yi gudunka. Ko ya zaɓi ɗaya a rana, safe ko yamma. Wankan yamma nasa ne. Rigakafin wata 15 ya kusa, na ƙyanda zagaye na biyu, ki ce shi zai kai ku, ya zauna a bencin nan ya ga layi. Kuma waya dole a jikinsa, ya sayi 'yar jakar ɗamara, wannan kam ba roƙo ba ne. Lokacin maganar ma ki zaɓa, ba yana ɗaura igiyar takalmi ba, ba kuma ya dawo a gajiye da yunwa ba. Bayan ya ci ya sha, ranar da ba ya fita.

Ke kuma, in ya karɓa, ki sakar masa. Nan muke ɓata abinmu. Ya sa famfas a juye, ki yi shiru. Ya sa masa riga ba ta dace da wando ba, ki yi shiru. Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, ko yaron zai tsaga gida da kuka, ubansa ne. Ni da na dinga fizge yarinya ina cewa kawo nan ba ka iya ba, ai na ba shi lasisin fita ne da hannuna. Mutumin da ke ɗaga ƙarfe mai nauyin buhun siminti zai iya saɓa yaro ɗan kilo 10 ya zagaya layi da shi, atisaye ne shi ma.

Zancen kai ƙara wajen uwarsa kuwa... a'a, bar wannan, ban san surukarki ba, wata za ta gyara, wata za ta ce ke ce raguwa, su sun raini goma ba miji a kusa. Ki fara da shi tukuna.

Sannan ke yaushe rabonki da ki taka ƙafa don kanki, ba kasuwar Wunti ko Muda Lawal da goyo a baya ba? Tun wankan jego? Ki sa wannan ma a cikin cinikin, yammacin Lahadi ki fito mu zagaya, mu uku ne muke yi a unguwarmu, da hijabanmu, ba mai kallonmu. Kai, tandar nan ta fara hayaƙi. Ki yi min magana ta gefe in kun yi, ki gaya min me ya ce kan wayar musamman. Sai anjima.